Ci da Sha a Hanyar Tattaki: Jagora ga Mai Ziyara a Ƙafa Tsakanin Zariya da Kano

Da wuya mai tafiyar ziyara a ƙafa ya kwana da yunwa a ƙasar Zazzau ko ta Kano saboda rashin abinci a garin da ya sauka. In ka ga ya kwana da ita, to ya iso ne bayan an kwashe tuwo an wanke tukunya, ko bai san wanda zai tambaya ba, ko kuwa ya cika jaka da abin da ya lalace tun a wuni na biyu. Abincin ƙauye yana da lokacinsa, yana da ƙofar da ake bi a same shi. A kan waɗannan biyun na gina wannan jagora, sai kuma ruwa, wanda shi ya fi kayar da matafiya.

Na ɗauki hanyar Zariya zuwa Kano a matsayin misali domin ita mutanenmu suka fi sani. Tsawonta kilomita 140 zuwa 150 ne, gwargwadon inda ka tashi da inda za ka sauka. Mai tafiya da kaya a baya yana cin kamar kilomita 4 a awa, wato 20 zuwa 25 a wuni in ba ya son ya karya kansa, kwana shida ko bakwai ke nan. Hanyar ta saba da masu ƙafa. A shekarun baya dubban mutane sun riƙa tako ta daga Kano zuwa Zariya a watan Safar lokacin Arba'in, juyayin da 'yan Shi'a ke yi kwana arba'in bayan Ashura, kafin nan kuma fatake da almajirai sun daɗe suna bin ta. Kakanninmu ma da suka nufi Makka a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, ba guzurin shekaru suka ɗauka a kai ba. Ƙauyukan hanya ne suka riƙe su, inda kuɗi ya ƙare su tsaya su yi ƙodago, kamar yadda da yawa suka yi a gonakin audugar Jazira a Sudan. Tafiyarka ta mako guda ce, amma dabarar ɗaya ce. Abin da zan faɗa zai yi maka aiki ko ka juya hanyar, ko ka bi ta Giwa ko ta Soba.

Tun kafin komai: ka tabbatar hanya lafiya take a makon da za ka tashi, hukuma ba ta hana ba, kuma ba za ka taka ƙafa da dare ba.

Da farko ka dubi lokacin shekara

Ranar ziyara tana bin watan Musulunci, shi kuwa yana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Saboda haka shawarar wanda ya yi tafiyar shekaru biyar da suka wuce tana iya zama ta wani yanayi dabam da naka.

In tafiyar ta faɗo a bazara, Maris zuwa Mayu, zafi yana taɓa maki 40, rijiyoyi sun ja ƙasa, layin fanfo ya yi tsawo. Ruwa ne damuwarka ta farko da ta ƙarshe. In ta faɗo a tsakiyar damina, Yuli da Agusta, ruwa ya yi yawa amma ya gurɓata, kuma a nan ne rumbun manomi yake kusa da ƙasa, na bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Wannan ina so a ji shi da kyau. Mutumin ƙauye ba zai ce maka babu ba, zai ɗauko na bakin 'ya'yansa ya ba ka, yana fara'a. Mai zuwa neman lada bai kamata ya bar gida da ramuwa a bayansa ba. A wannan lokaci ka ƙara guzuri, ka kuma nace wa biya. Kaka, Oktoba da Nuwamba, ita ce lokacin yalwa: sabuwar gyaɗa, masara, dankali, wake. Hunturu kuma yana zuwa da rake da tumatir da kayan lambu, sai dai yana ɓoye ƙishirwa, mutum ya wuni bai sha ruwa ba don bai ji gumi ba, alhali iska ta tsotse shi.

In azumi ne, masu abincin rana a ƙauye sun tashi gaba ɗaya. Shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi, amma kasuwa ba za ta buɗe dominsa ba. Abin da za ka ci da rana sai ka saye shi tun dare.

Na biyu, guzuri

Guzuri na cike giɓi ne tsakanin gari da gari, da kuma daren da ka iso a makare. Na kwana biyu ya isa, kana ci kana mayarwa a hanya. Duk abin da kake buƙata za ka same shi a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ko ta cikin birni, kwana ɗaya kafin tashi.

Ka ɗauki garin kwaki kamar rabin mudu, da sukari a ƙulle dabam, da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa. Wannan shi ne ginshiƙi, domin ba ya neman wuta, ruwa kawai yake so. Ka ƙara dabino, yana da daɗin ci ana tafiya kuma yana dawo da ƙarfi nan take. Dakuwa tana riƙe ciki. Nakiya tana daɗewa ba ta canza ba, in akwai mai yi maka a gida. Dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau, ko kilishi, ɗan kaɗan ya isa, don ranar da ka kwana biyu ba ka ga nama ba. Sai gishiri da yaji a ƙaramar roba mai murfi. Abin da ba na so in gani a jakar matafiyi shi ne dafaffen ƙwai, da alale, da shinkafa a leda, da burodi fiye da na wuni guda. Zafin baya da zafin rana suna gama musu aiki kafin la'asar.

Kayan ci: kwano ɗaya mai murfi, kofi, cokalin shayi, ƙaramar wuƙa, sabulu, da gora biyu masu cin lita ɗaya-ɗaya. Kwanon nan shi zai sa a zuba maka abinci a gidan da ba su da leda, kuma ka san wanda ya wanke shi.

Kuɗi kuwa ka nemi canji tun a Zariya, 'yan 100 da 200 da 500. Yarinyar da ke tallar awara ba ta da canjin 1,000, ba ta kuma karɓar tiransifa. Masu POS suna nan a manyan tashoshi, amma wanda ya ga ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 ya san ba a jingina da su kaɗai. Ka raba kuɗin gida biyu, na wuni a aljihun gaba, sauran a ciki.

Na uku, ruwa

Lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya ce, don haka ba za ka iya ɗaukar na wuni gaba ɗaya ba. Mai tafiya cikin zafi yana buƙatar kusan rabin lita a kowace awa. Lita biyun da ke jakarka na awa huɗu ne, ko ƙasa da haka. Ƙa'idar ita ce kada ka wuce ruwa mai kyau da gora rabi, ko da ba ka jin ƙishi. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Fitsarinka ne zai gaya maka gaskiya: in ya yi ja ya ragu, ka yi baya da sha.

Ga yadda nake jera ruwan hanya, daga wanda ya fi aminci.

Ruwan butar mai shayi. Mutane ba sa tuna wannan, alhali kusan kowace tasha akwai shi. Butarsa a kan wuta take wuni, ruwan ya tafasa ya sake tafasa. Ka sha shayinka, sannan ka ce, "Malam, don Allah a cika mini kwanon nan da ruwan zafi, nawa zan ƙara?" Ka bar shi ya huce ka juye a gora. Sau da yawa ma ba zai karɓi komai ba.

Fanfon tuƙa-tuƙa ko rijiyar burtsatse. Ruwan daga ƙasa can yake fitowa, a rufe. Ka dubi gindin fanfon: in daɓen siminti lafiya yake kuma ruwa bai kwanta a kewaye ba, ka ɗiba. Za ka tarar da yara da jarkoki a layi. Kada ka kutsa. Ka yi sallama, ka kama hannun fanfon ka tuƙa wa ta gaba ta cika bokitinta, za ka ga da kansu sun ce, "A ba baƙo ya ɗiba."

Ruwan leda. Ka duba lambar NAFDAC, ka ɗaga shi a haske, ka matsa ka ga ko yana yoyo. Wanda ya wuni a rana yana ɗanɗanon roba ka bar shi. Ka goge bakin ledar kafin ka ciza, domin hannu da yawa sun taɓa ta, wani lokaci ma ruwan da aka jiƙa ta a ciki don ta yi sanyi ya fi komai datti.

Rijiya mai murfi da guga guda na kowa, ta fi wadda kowa ke zuwa da gugansa yana yar da shi a ƙasa. Ruwan rijiya da na randar masallaci, inda moɗa ɗaya ke shiga bakin kowa, ka sa musu magani kafin ka sha. Ana samun Aquatabs da WaterGuard a kemis-kemis na Zariya. Ka bi ma'aunin da ke jikin kwalin, ka jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi, ka tace da tsumma mai tsabta tukuna. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi garau a ido, amma ba sa kashe ƙwayar cuta. In da wuta, tafasa na minti ɗaya cur ya wadatar.

Rafi da kududdufi da magudanar noman rani su ne na ƙarshe, sai in rai ya yi halinsa, kuma sai an tafasa. An tabbatar wa Nijeriya rabuwa da kurkunu tun 2013, wannan ya sa wasu suka saki jiki da ruwan tafki. Amma kwalara da taifot suna nan. A 2021 kaɗai, waɗanda ake zaton sun kamu da kwalara a ƙasar nan sun haura 100,000, waɗanda suka rasu sun haura 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Daga wajen Kadawa zuwa Kura za ka yi ta ganin ruwan madatsar Tiga yana gudu a magudanai, mai sanyi, mai jan rai ga wanda ƙafarsa ke zafi. Kada ka sha, kada ka tsoma ƙafa ka zauna. Gonakin ana yi musu feshi, kuma irin wannan ruwa ne ke ɗauke da tsargiya, wadda ta fata take shiga.

Abu guda da ke tayar mini da hankali: galan da kwalaben maganin feshi da ake wankewa a mayar da su butar ruwa a ƙauyuka. In aka miƙo maka ruwa a irin wannan, ka yi godiya ka ce gorarka a cike take. Wankewa ba ta fitar da gubar.

Na huɗu, ka tsara tafiyarka a kan lokutan girki

Nan ne zuciyar al'amarin. A birni kana iya cin shinkafa ƙarfe uku na rana ko goma na dare. A ƙaramin ƙauye kowane abinci yana fitowa a sa'arsa, ya ƙare a sa'arsa.

Bayan sallar asuba zuwa fitowar rana, lokacin koko da ƙosai ne, da kunu, da waina a wasu garuruwan. Ba sai ka yi tambaya ba. Ka nemi inda hayaƙi ke tashi a bakin zaure, za ka ga tsohuwa a kan kujera 'yar tsugunne, kasko a gabanta, tana sakin ƙullu da hannu cikin mai yana cuwa, yara sun kewaye ta da kwanoni suna jira. Ka tsuguna ka ce, "Ina kwana, Iya? A ba ni na 300, da zafinsa." Wanda aka tsame a gabanka shi ne abincin da ya fi kowane aminci a duk wunin. Ka ci ka ƙoshi, ka sa wani a kwano don hantsi. Kafin ƙarfe takwas ta tashi. Kuskuren da masu tattaki suka fi yi shi ne su ce bari mu ci sanyin safiya mu yi nisa tukuna, sai su tarar gari na gaba an riga an kife kasko. Da sanyin safiya ake kama fara, gaskiya ne, amma da koko a ciki.

Da hantsi zuwa kusan azahar, matan Fulani suke shigowa daga ruga da ƙwarya a kai, su zauna a gindin bishiyar tasha ko bakin kasuwa. Fura da nono ita ce sarauniyar abincin matafiyi: tana kashe yunwa da ƙishi tare, ba ta kuma sa nauyin jiki. Sai dai ka yi abu biyu. Ka tambaya, "Adda, nonon dafaffe ne?" domin ɗanyen nono yana iya ɗauke da cutar dabbobi. Sannan ka sayi curin furar da nonon, ka dama da kanka a kwanonka da ruwan gorarka. Yawancin ciwon cikin da ake ɗora wa fura, ruwan damun ne ya kawo shi, ko ƙanƙarar da aka jefa a ciki.

Da rana tsaka, 'yan talla ne ke da gari. Ɗanwake, dambu, shinkafa da wake da mai da yaji, kwaɗon zogale ko na rama, dafaffen rogo da ƙuli. A ƙasar Zazzau kuma fate, wanda abokan wasa suke tsokanarmu da shi, amma wanda ya sha faten tsaki mai yakuwa da zafinsa bayan tafiyar awa biyar ya san ba a banza muka riƙe shi ba. Ka taɓa jikin robar ko kular: in da zafi, ka saya, in ta huce, ka tambayi yarinyar, "'Yammata, a wane gida ake yi? Akwai na kan wuta?" Ka ba ta kwanonka da kuɗi ta karɓo maka. Namiji baƙo ba ya shiga gidan mutane, yara ne manzanninsa. Mata masu tattaki sun fi mu sa'a a nan, sallama ɗaya za su yi su shiga har madafa, su ga tukunyar da idonsu. Ayarin da ke da mata dattawa ba ya shan wahalar abinci.

Daga azahar zuwa la'asar ka zauna a inuwa. Tafiya a wannan lokaci tana cin ruwa ninki biyu.

Da la'asar sakaliya masu suya suke dawowa: awara, dankali, doya a manyan garuruwa, wani zubin ƙosai karo na biyu. Da magariba mai tsire da balangu ya hura wuta. Ka sa a mayar maka da naman kan wuta ya yi zafi har ciki, kada ka karɓi wanda ke jibge a takarda tun ɗazu. Tuwo kuwa ana kwashe shi ne gab da magariba, tsakaninta da lisha an cinye. Saboda haka ka sa a ranka cewa zangonka na kwana za ka isa cikinsa da la'asar, rana tana sama. Wanda ya iso bayan lisha, mai shayi da indomi kawai ya rage masa, in garin yana da shi, in babu sai garin kwaki.

Ranar kasuwa tana rusa duk wannan lissafi ta hanya mai daɗi, domin abinci wuni yake yi. Ta Makarfi Laraba take ci, ta Giwa Alhamis da Lahadi. A kowane zango ka tambaya, "Wace kasuwa ke ci gobe a gabanmu?" Mai tambaya ba ya ɓata.

Na biyar, yadda ake shiga gari

Masallaci za ka fara nufa. Ka ajiye kaya, ka yi alwala, ka bi jam'i. Bayan an sallame ka matsa wurin liman ka gaishe shi:

"Allah gafarta Malam, baƙi ne daga Zariya, za mu Kano ziyara a ƙafa. Mu huɗu ne. Muna neman inda za mu sa haƙarƙari zuwa asuba, da gidan da ake tuwon sayarwa."

Ka faɗi yawanku, ka faɗi lokacin tashinku, ka kuma ambaci saye. Wannan yana nuna ba ka zo ka zama kaya ba. Galibi amsar ita ce, "Haba, baƙo da sayen tuwo? Kai, yaro, je ka ce a ƙaro kwano." Daga nan zai haɗa ka da mai unguwa ko dagaci, kuma ka je, ka ce "Ranka ya daɗe", ka sake bayanin kanka. A zamanin nan na rashin tsaro, baƙon da bai gabatar da kansa ba abin tsoro ne ga mutanen gari, kuma suna da hujja. Ka riƙe katin shaidarka kusa.

In kwanuka suka fito daga gidaje, ka wanke hannu da sabulunka, ka miƙa wa na kusa da kai shi ma. Ka ci daga gabanka, kada ka yi tsegumin miya, ko kuka ce ba nama ba mai. Ka rage wani abu a kwanon, almajirai suna jira. Yaron da ya kawo ka ba shi tukwici. Mai gidan da ya ƙi kuɗi kada ka yi ta ja da shi a gaban mutane, kunya za ka ba shi. Da asuba ka aika wa uwargida sukari ko sabulu ko dabino, ka ba dattijo goro, ko ka saka wani abu a asusun masallaci. Ɗumamen da za a aiko maka kafin ka tashi, ka tabbatar ya ɗumamu har tsakiya.

In ka ratsa garin da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suke zaune tare, tambayarka game da yanka ka yi ta da ladabi, a hankali. Ruwansu da hatsinsu da inuwarsu duk za su ba ka da zuciya ɗaya.

Gonar bakin hanya kuma ba taka ba ce. Rake, masara, mangwaro, tumatir, ko kara ɗaya kada ka karya sai ka ga mai shi. Ka ce "Sannu da aiki, a sayar mana", sau tari zai sara maka fiye da abin da za ka iya ɗauka. Kayan lambu ka wanke da ruwan gorarka saboda feshi. Rogo ɗanye kuwa kada ka ci, wani irinsa yana da guba sai an jiƙa an dafa.

In kuna da yawa

Mutum huɗu ƙauye zai haɗiye su ba a ji ba. Mutum 40 sai sun girgiza shi. Da kun haura goma, madugu ya naɗa jagaba, mutum ɗaya ko biyu da za su riga ku a babur tun da safe. Aikinsu su gaida mai gari, su faɗi yawanku da lokacin isowa, su sayi hatsi da mai da itace, su sami matan da za su dafa a biya su ladan aikinsu. Tiya ɗaya ta shinkafa da rabin tiya na wake tana ɗaukar mutum 12 masu yunwa. Su kuma cika jarkoki su sa magani tun kafin ku iso, don kada ku mamaye fanfon gari a lokacin da mata ke ɗibar ruwan girki. Tsofaffi da yara da masu juna biyu su fara ci. Mai ciwon sukari ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, ya kuma gaya wa na kusa da shi halin da yake ciki, domin tafiya mai nisa tana iya faɗar da sukari ba shiri. Ledojin da kuka sha ruwa ku tattara ku tafi da su, awakin mutane suna ci su mutu.

Zango-zango a wannan hanya

Daga Kwangila zuwa Dogarawa har yanzu a gari kake, ka cika komai a nan. Gaba ƙauyuka suna tazara har Tashar Yari, inda hanyar Makarfi ta rabu. Nan ƙasar rake ce da mazarƙwaila, ka sayi curi biyu ka jefa a jaka, tana maye gurbin sukari a garin kwaki. Kwanar Dangora babbar mahaɗa ce, motocin Jos suna karkatawa a nan, don haka akwai masu abinci da shayi har dare, da kemis, da masu POS. Wurin sake guzuri ke nan. Daga Dakatsalle zuwa Ciromawa da Kadawa ka shiga yankin noman rani, tumatir da albasa da kankana a bakin titi a lokacinsu, ga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Kankana ka sayi guda a fasa a gabanka, ka bar yankakkiyar da ƙuda ya wuni a kai. Kura garin shinkafa ne, daga nan kuma gurasa ta fara yawa, bandashe da ƙuli da albasa. In ka haye gadar Tamburawa, maganar neman abinci ta ƙare.

Ka lura da wani abu: tashar bakin titi tana da abinci kowane lokaci amma da tsada da ƙura, cikin gari kuwa, tafiyar minti goma daga kwalta, ya fi araha da tsabta amma sai a kan lokaci. Da rana ka ci a tasha, da dare ka shiga gari.

In ciki ya ɓaci

Duk kiyayewarka, wani a cikinku zai iya yin gudawa. A tsaya, kada a ce ya daure. A haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take. In akwai ƙunshin ORS na kemis, a bi rubutun jikinsa. In babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu masu cin rabin lita, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, a motsa. Kada gishirin ya wuce haka. Ya riƙa kurɓa bayan kowane zagaye, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo. Kada a hana shi abinci: koko, kunu, farar shinkafa, ayaba in an samu. Zoɓo da kunun ayar da aka ƙulla a leda ko a tsohuwar gora a nisanta su da shi, haka ma ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara ƙarfin tafiya.

In gudawar ta zama ruwa tsululu fari kamar na wankin shinkafa, ko da jini a ciki, ko idanu sun faɗa, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya fara sambatu, to tafiyarsa ta tsaya a nan. A tare babur ko mota a kai shi asibiti mafi kusa, mutum ɗaya ya riƙe shi, wani ya riƙe gorar yana ba shi a hanya. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi. Wanda ya yi jinyarsa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kwanon kowa, kuma a sanar da mai garin da kuka kwana, domin su ma su duba ruwan da suke sha.